Akwatuna Biyar da Zuma Ta Ƙi

Kwana tara ya rage Malamar gona ta dawo ta kwashe akwatunan, kuma har yau ko ƙudan zuma ɗaya bai kwana a cikinsu ba.

'Yar Tambaya ta tsaya ƙarƙashin mangwaron da ke ƙarshen gonarta, hannu a ƙugu, tana ƙare musu kallo. Guda biyar ne, a rataye da waya tsakanin turaku, kowanne da lambarsa da farin fenti, daga ɗaya zuwa biyar. Sumul suke, babu tsaga, babu ƙusar da ta leƙo. Duk cikin akwatuna sittin da aka raba a ƙauyen babu masu kyansu, kowa ya faɗa. Amma shiru suke kamar gidan da aka yi ƙaura.

Wata uku ke nan da wata ƙungiyar tallafa wa manoma ta zaɓi mutum goma sha biyu, ta ba kowa akwati biyar na kiwon zuma, da hular raga, da safar hannu, da ɗan gwangwanin hura hayaƙi, da koyarwar kwana huɗu. Sharaɗi ɗaya aka gindaya: duk wanda aka dawo aka tarar babu zuma a ko ɗaya daga cikin akwatunansa, za a kwashe su a ba na bayansa a layi, a soke sunansa. Mutum goma sha ɗaya sun riga sun tsallake. Ita kaɗai ta rage.

Ba kuma abin da za ta ɗaga kafaɗa ta wuce ba ne. Gonar ta gaji. Masarar bara ko rabin shekara ba ta kai su ba, ita da 'ya'yanta mata biyu, tun da mai gidan ya rasu. Zuma kuwa ba ta neman taki, ba ta cin fili, ba ta jiran a yi mata noma. Itatuwan da ke tsaye a gefen gona sun ishe ta.

Abin da ya fi cin ranta ma ba rashin ba ne, rashin sanin dalili ne. Ba a banza aka laƙaba mata wannan suna ba. A wajen koyarwa sai da ta ɗaga hannu sau goma sha tara a yini ɗaya, har Malama ta roƙe ta ta bari a sha ruwa. Duk abin da aka ce ta yi: ta goga kaki a jikin 'yan sandunan da ake jerawa a saman akwatin, ta juya ƙofar ta kalli gabas, ta ajiye kaskon ruwa da tsakuwoyi a ciki don kada ƙudajen su nitse, ta share ciyawa. Kuma lokacin ƙaurar zuma ne. Kusan kullum sai ta ji gungu ya wuce ta samanta yana ruri kamar injin niƙa daga nesa. Sau biyu ma suka sauka a kan mangwaron nan nata, suka yi curi a reshe, suka huta, suka tashi suka nufi gonar wani.

"To me na yi muku?" ta tambayi sararin sama.

"Ba sa amsa wa mai ɗaure fuska."

Ta waiwaya. Baba Mai Amya ne, maƙwabcinta na gona, yana tafe yana dogara sanda. Shekara arba'in yana rataye amyar ciyawa a kan itatuwa kafin gwiwa ta hana shi hawa. Da aka kawo akwatunan zamani ya fi kowa kushe su, ya kuma riga kowa samun zuma a huɗu daga cikin nasa biyar.

"Baba, ina kwana? Zo ka duba mini, don Allah. Ko idona ne ba ya gani."

"Lafiya lau, 'yar nan. Idonki kam yana gani, bakinki ne ya yi musu yawa. Zuma ba ta son inda za a tsare ta da tambaya: daga ina kika fito, su wa suka haife ki."

"Kai da kake kwana kana yi wa jaki hira ba su guje ka ba, sai ni?"

Ya yi dariya har da tari. Ya zagaya akwatunan, ya ƙwanƙwasa, ya ɗaga murfi, ya shinshina. Ya duba inuwa, ya jiƙa yatsa ya ɗaga ya ji iska.

"Wurin nan," ya ce a ƙarshe, "da ni zuma ne, nan zan tare da iyalina. Ga inuwa, ga ruwa, ga furen wake. Ban ga laifinsa ba."

"To laifin wa?"

"Wataƙila jininki ne bai haɗu da nasu ba. Akwai irin haka."

"Jinina a gida yake kwana, Baba, ba a cikin akwati ba." Ta taɓa leɓe da yatsa. Sai idonta ya yi haske. "Kana da guda ɗaya da ba a shiga ba, ko?"

"Lamba goma sha huɗu. Me ya faru?"

"Ara mini shi. Mu rataye naka a nan, mu kai nawa ɗaya can wajenka, a itacen da ka fi ji da shi. In wurin ne, naka ma zai zauna haka. In jinina ne, haka nan. In kuwa akwatin ne…"

"Akwatin? Ai duk hannu ɗaya ya ƙera su. Ƙanenki ne fa ya yi su, daga na farko har na sittin."

"Na sani. Ara mini dai."

Kafin rana ta take sun yi musanya. Ita ta ɗauki duka biyun a ka, shi yana biye yana ba da umarni.

Kwana biyu bayan nan, da hantsi, tun daga bakin gona ta ji ƙarar. Ta yar da fartanya ta ruga. Akwati lamba goma sha huɗu ya yi baƙi ƙirin da ƙudan zuma, suna ta tururuwar shiga ta 'yar ƙofar, wasu na shawagi a kai. Taku uku daga nan, nata guda huɗu na rataye, ko mai leƙe babu.

Ta zauna daɓas a kan kunya.

Baba Mai Amya ya iso yana haki. Ya kalli akwatin, ya kalle ta, ya tafa hannu.

"Ikon Allah! Sun zo unguwarki, amma ɗakina suka kama haya."

"Nawa fa da ke wajenka?"

"Yana nan yadda kika bar shi." Ya gyara tsayuwa, ya rage murya. "Ji nan, 'yar nan. Bar wannan a nan. In Malama ta zo, a gonarki ta gan shi. Mu shafe lambar da laka, wa zai tsaya tonawa? Ni huɗu sun ishe ni."

Ta kalli akwatin mai ruri. Kalma ɗaya za ta ce, magana ta ƙare. Har ta buɗe baki, sai ta juya ta kalli sauran huɗun.

"Na gode, Baba, Allah ya bar zumunci. Amma ko na tsira da naka, waɗannan fa? Haka za su yi ta zama kango ina share musu ciyawa? Kuma ni in ban san abin da ke cikinsu ba, abinci ma ba zai wuce mini ba. Mu je in ga na wajenka."

Suka tafi. A gonar Baba ta durƙusa ƙarƙashin akwatinta lamba uku, ta baje busassun ganye da hannu. Ga su nan: ƙudan zuma shida, matattu, ƙafafu a naɗe. Ta tsince su ta zuba a tafin hannu.

"Ashe suna zuwa," ta ce a hankali. "Masu leƙen gida suna zuwa. Komawa ne ba sa yi su kira sauran."

Ta ɗaga murfin, ta zare sanduna uku, ta cusa kai. Ciki fes, kamar yau aka gama shi. Ta shafa kusurwa da yatsa, ta duba yatsan. Babu komai.

"Baba, ranar da muka sauke naka, me ka yi kafin in ɗauka?"

"Na kakkaɓe shi mana. Gizo-gizo ya yi saƙa, ga kyankyasai, ga wata tsaka ta mayar da shi ɗakin haihuwa. Duk sati sai na share. Kowa kukan da yake yi ke nan."

"Ni ban taɓa sharewa ba."

"Ƙazama."

"A'a, ba ka gane ba. Ban taɓa samun abin sharewa ba. Wata uku akwati yana rataye a jeji, babu gizo-gizo, babu kyankyaso, ko tururuwa ɗaya ba ta hau ba. Ni ina ta murna wai nawa sun fi na kowa tsafta." Ta miƙe, ta ƙulle matattun ƙudajen a bakin mayafinta. "Wane irin ɗaki ne ko kyankyaso ba ya so?"

Kafin Baba ya juyo ta yi nisa.

Shagon Kafinta rumfa ce ta kwano a bakin hanya, ƙasa duk garin katako, ƙusoshi a cikin gwangwanayen madara, zarto uku a rataye bisa tsawonsu. Ƙanenta ne, autansu, ko da yake yanzu furfura ta fara yi masa sallama a gemu. Ta same shi da fensir a bayan kunne yana auna ƙafar kujera.

"Yaya! Sannu da zuwa. Yaya mutanen naki, sun tare?"

"Auta, ajiye wannan. Akwatuna sittin ka yi?"

"Sittin cif."

"Katako iri ɗaya?"

"Mota ɗaya ta kawo shi."

"Awo ɗaya?"

"Ga takardar da Malama ta ba ni can a manne. Ko gashin kai ban ƙara ba, ban rage ba. Wai me ya faru ne kike yi mini tambayar 'yan sanda?"

"To me ya bambanta nawa da na sauran?"

Sai ya yi murmushi, irin na wanda aka kama shi yana aikin alheri a ɓoye. Ya zare fensirin, ya sosa ƙeya da shi.

"Ashe kin lura. Na so in yi shiru, kada sauran su ce na yi son kai."

Ta matso kusa da teburin. "Ina jin ka."

"Kin san garar gonarki. Turken da na kafa miki bara, wata nawa ya yi? Na ce akwatin Yayata ba zai zama abincin gara ba. Akwai ragowar maganin da na shafa wa katakon rufin wani gida, mai ƙarfin gaske, wanda ba ya wari in ya bushe. Ɗan kaɗan ne, ba zai ishi sittin ba. Sai na ware naki biyar, na jiƙa allunan ciki da waje, hannu biyu, shafi kan shafi, na shanya, sannan na haɗa. Har sandunan sama ban bari ba." Ya buga ƙirji. "Shekara ashirin, Yaya. In ƙwaro ɗaya ya kusanci akwatin nan, ki canza mini suna."

Ta kwance bakin mayafinta, ta zazzage abin da ke ciki a kan teburin aikinsa. Ƙudaje shida suka gangara cikin garin katako.

"Ƙwaro ɗaya bai kusanta ba, Auta. Aikinka ya yi kyau."

Ya sunkuya ya duba. Ya ɗago. Ya sake sunkuyawa. Ta ga lokacin da maganar ta isa inda za ta isa, don sai da kunnuwansa suka motsa.

"Amma… ai maganin gara ne."

"Ita zumar mece ce? Tsuntsuwa?"

Ya lalubi kujerar da bai gama ba ya zauna, ta karkace da shi, bai ma ji ba. "Wayyo ni. Wallahi, Yaya, ko a mafarki ban… Kowane katakon kirki ai sai an shafa masa. Haka aka koya mini. Wanda bai shafa ba shi ne maha'inci."

"Na sani."

"Sauran hamsin da biyar ɗin har kunyarsu nake ji, ina ganin na cuce su."

Dariya ta ƙwace mata, ba ta shirya ba. Ta yi ta yi har ta dafa teburin, hawaye na zuba, shi kuwa yana kallonta kamar zai yi kuka. Da ta lafa ta share ido.

"To. Yanzu mun sani. A wanke?"

Ya girgiza kai. "Ya shiga jikin katakon. Ko an kankare, yana ciki."

"A yi sabo."

"Da me? Motar katako sai ƙarshen wata. Abin da ke shagon nan kuwa…" Ya nuna jerin allunan da ke jingine, ya sauke kai. "Duk na shafa musu wani da na sayo kwanan baya."

Kwana bakwai ya rage. 'Yar Tambaya ta tsaya tana kallon ƙasa. Katakon da ba a shafa wa magani ba, ta yaya mutum zai gane shi, tun da maganin ba ya wari? Ta juya tambayar, ta sake juyawa. Sai ta ɗago.

"Ɗauko guduma ka biyo ni."

Ta kai shi har ƙofar ɗakinta. Tsohuwar ƙofa ce mai faɗi, ta allo huɗu, wadda marigayi ya sayo tun suna amare. Ta tsuguna ta nuna masa gindinta, inda gara ta yi mata zane kamar taswira, ta cinye kusan taƙi guda.

"Ga shaidata. In gara ta ci ta rayu, zuma ma za ta rayu. Cire ta."

"Yaya, ki rufa mini asiri. Ni in yi aiki da katakon da gara ta ɗanɗana? In abokan sana'a suka ji…"

"In suka ji ɗaya labarin fa?"

Ya cire ƙofar.

Kwana biyu ya yi a kanta. Ya yanke inda gara ta ci, ya kankare tsohon fenti har farin katako ya fito, ya wanke zartonsa da sabulu sau uku bisa umarninta. Ita tana zaune a kan buhun garin katako tana sa ido, duk abin da ya miƙa hannu zai ɗauka sai ta ce, "Mene ne wannan?" Baba Mai Amya ya aiko da dunƙulen kaki daga tsohuwar amyarsa, baƙi, mai ƙamshi. Suka narka suka shafe cikin akwatin da sandunan. Bai kai na farko kyau ba. Gefe ɗaya ma akwai ramin da mariƙin ƙofa ya bari, sai da aka toshe da ɗan itace.

Ta kwashe masu maganin, har da na gonar Baba, ta kai bayan gida ta jera, ta rataye sabon a ƙarƙashin mangwaro, can nesa da na Baba. Washegari masu leƙe biyu suka zo. Ta tsaya daga nesa tana kallo. Suka shiga. Ta ƙirga har ɗari. Suka fito, suka zagaya, suka tashi da ƙarfinsu.

"Sun fito da rai!" ta ƙwala wa gonar da babu kowa.

Kashegari sun kai goma. Ranar da ta biyo baya iska ta taso, ba a ga ko ɗaya ba. Ranar ƙarshe ma haka, har ta bar gona gungu bai zo ba.

Ranar da Malama za ta zo, 'Yar Tambaya ta fita gona tun rana ba ta yi zafi ba, da hularta da safarta a cikin kwando, don a karɓa gaba ɗaya in an zo karɓa. Kafinta ya biyo ta, wai shi zai yi bayani da bakinsa. Akwatin ƙofa yana nan shiru. Ta ɗaga kai don ta hana hawaye zuba, sai ta gan shi.

A reshen mangwaron, sama da tsayin mutum biyu, wani baƙin curi yana reto, girmansa ya kai tulu. Yana motsi a hankali kamar mai numfashi.

"Auta, ruga ka kira Baba. Ka haɗo da tsaninka."

Baba ya zo, ya kare ido da hannu ya duba. "Baƙi ne, jiya da yamma suka sauka. Hutawa suke. Da rana ta ɗaga za su tashi."

"Zuwa akwatina?"

"Ko naki, ko kogon wani itace a bayan dutse. Su suka sani."

"Sau biyu ina tsayawa ina kallo suna tafiya. Baba, in ba su shiga da kansu ba, ana iya saka su?"

Ya kalle ta sama da ƙasa. "Ana yi. A tara akwati a ƙasa, a girgiza reshen da ƙarfi, sau ɗaya, su zubo. In uwar, wato sarauniyarsu, ta faɗa ciki, shi ke nan, sauran za su bi ta. In ba ta faɗa ba, kin tayar da su a banza, kuma ba za su sake waiwayar itacen nan ba. Da gwiwata tana nan…"

"Tawa tana nan."

Ta sa hular raga, ta zura safa, ta ɗaure bakin hannun rigarta da igiya. Suka kwance akwatin, suka zare rabin sandunan sama. Sai aka zo kan wanda zai ɗaga shi a ka, daidai ƙarƙashin curin. Baba ya kalli Kafinta. Kafinta ya kalli bayansa, ko akwai wani.

"Ni? Yaya, kin san ko zanzaro na gani sai na canza hanya."

"Ka kashe musu 'yan'uwa, yanzu ka yi musu dako. Lulluɓa da mayafin nan."

"Ba sa harbi in suna ƙaura," in ji Baba. "Cikinsu cike yake da guzuri, ba su da gidan karewa." Ya ɗan ja da baya taku biyar. "Galibi dai."

Ta hau tsanin. A mataki na shida rurin ya cika mata kunne. Ba ta taɓa kusantar su haka ba. Dubbai ne, kowanne ya riƙe ƙafar ɗan'uwansa, wasu na yawo a kan wasu, ga wani ɗumi yana fitowa daga cikinsu kamar na jikin dabba. A can tsakiya akwai guda ɗaya da ba ta gani, wadda komai ya rataya a kanta. Ta so ta tsaya ta yi ta kallo. Sai ta ji ƙarar babur daga bakin hanya.

"Matso hagu, Auta. Ƙara. Tsaya nan!"

Ta kama reshen da hannu biyu, ta yi bisimilla, ta fizge shi ƙasa da duk ƙarfinta.

Curin ya ɓalle gaba ɗaya. Ya faɗa cikin akwatin da wani nauyin sauti kamar an yar da jiƙaƙƙen bargo, Kafinta ya yi ƙara, gwiwoyinsa suka lanƙwashe, amma bai saki ba. Sama ta yi duhu da ƙudaje. Wani kaso ya zube a ƙasa, a kan ganye.

"Sauke a hankali! A hankali, na ce!" Baba yana ta ihu daga inda yake.

Ta diro, suka ajiye akwatin a ƙasa, ta shiga mayar da sandunan ɗaya bayan ɗaya, tana ture ƙudajen da gefen safa don kada ta danne su. Da ta ɗago, Malamar gona tana tsaye a bayanta, ta riga ta sa tata hular, littafi a hammata.

"Wannan ba akwatinmu ba ne," in ji Malama. "Ina biyar ɗin?"

"Suna bayan gida, Malama. Kuma don Allah kada ki ba kowa su."

Kafinta ya yaye mayafin. Gira ɗaya ta riga ta fara kumbura. Ya yi bayani tun daga turken bara har zuwa hannu biyu na magani, bai rage komai ba, yana yi yana kallon ƙafarsa. Malama ta saurara har ƙarshe. Ta buɗe littafinta, ta zaro kwafin takardar awon da ta raba wa kafintoci, ta karanta gaba, ta juya baya.

"Tsawo, faɗi, zurfi, kaurin sanda," ta ce. "Babu inda na rubuta kada a shafa magani. Ƙauye takwas na kai takardar nan." Ta sake duba littafin. "A biyu daga ciki akwai waɗanda na riga na soke sunansu."

Malama ta ninke takardar, ta sa a aljihu, ta juyo ga akwatin.

"Sharaɗi dai yana nan. Zuma a cikin akwati. Zubawa daban, zama daban. In uwar tana waje, kafin in tayar da babur sun watse."

"Ta yaya za mu sani?" in ji 'Yar Tambaya.

"Tsuguna ki kalli ƙofar."

Suka tsuguna su huɗu, har Baba da gwiwarsa. Da farko ba abin da ake ganewa, kowa na tashi yana sauka. Wasu suka fito daga ciki da gudu kamar za su watse. Sai guda ɗaya ta tsaya a bakin ƙofar, ta kafe ƙafafu, ta sunkuyar da kai, ta ɗaga gindi sama, ta shiga kaɗa fiffike ba tare da ta tashi ba. Wata ta zo ta tsaya kusa da ita ta yi haka. Sai biyar. Sai layi guda.

"Me suke yi?" ta raɗa.

"Ƙamshi suke turawa cikin iska," in ji Malama. "Kira ne. Suna gaya wa na waje uwa tana nan, a taho gida."

Waɗanda suka zube a kan ganye suka juya kamar an ba su umarni, duk suka fuskanci wuri ɗaya. Suka fara tafiya a ƙasa, ba tashi ba, tafiya da ƙafa, sahu-sahu, suna hawa jikin tsohon katakon suna shigewa. Na sama ma suka fara sauka. Rurin ya sauya, ya yi ƙasa, ya koma cikin akwatin.

Malama ta miƙe, ta karkaɗe gwiwa, ta cire murfin biro da haƙori.

"Sunanki yana nan. Waɗancan biyar zan sa a ɗauke su, ba za su sake ganin gona ba. Kai kuma, Kafinta, in motar katako ta zo, huɗu za ka yi mata, kuma ko man gashi kada ka shafa musu. Bayan nan ka shirya, za ka raka ni ƙauyukan nan biyu, ka shinshino mini aikin 'yan'uwanka."

"Ba ya wari, Malama," ya ce, ido ɗaya a rufe.

"To ka tambaye su, kai za su gaya wa gaskiya."

'Yar Tambaya ba ta ji ƙarshen maganar ba. Tana nan tsugune, haɓa a kan gwiwa, tana kallon na ƙarshe suna shiga.